Masu Riƙe Bakin Yadi

…kuma ba ja ba ne. Shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan aji da safen nan, alli a hannu, yana wani ɗaga kai: babu abin da ke jan wani abu. To in babu ja, me ke kai shi? Ƙafafun Malam dai tafiya suke yi, su suka san hanya, daga ƙofar asibiti zuwa layin masu walda, ƙwallon ƙarfen da ke aljihunsa na dama yana dukan cinyarsa a kowane taku. Ya rinjayi rigar gefe guda, wuyanta ya shaƙe shi ta hagu. Bai gyara ba.

Ƙoƙon kan mutum — yaya ƙwarinsa yake? Ba fanninsa ba ne. Shi malamin kimiyya ne a sakandare, na nauyi da haske da taurari, ba na ƙashi ba. Amma ya ga kan Auta. Yanzun nan ya gan shi a kan gadon da ake turawa, an aske gefe guda, kumburi ya haɗiye ido ɗaya, jini ya bushe a cikin kunne… Ƙanwarsa. Wadda shi ya koya mata riƙe fensir. Likita ya ce jini ya taru a ciki, za su buɗe, a yi ta addu'a. Inna ta tambaya da me aka yi mata haka, maƙwabciyar da ta kawo ta ta sunkuyar da kai ta ce da dutsen guga. Dutsen gugarta! Wanda take goge ɗinkin mutane da shi. Mijinta ya sure shi daga kan tebur, da igiyarsa da komai —

Zai fasa kan mijin nan. Ba sallama, ba magana. A ƙeya, daidai inda gashi ya ƙare. Sau ɗaya in ya isa, in bai isa ba a ƙara. Tun yanzu yana jin ƙarar a kunnensa, kamar tulu ya suɓuce a kan siminti.

Wani mai babur ya taka birki a gabansa, ya zazzaga masa zagi har da na uwa. Malam ya wuce. Bai ma ga fuskarsa ba.

Waya. Da safen nan a durowa take. Dokarsa ce, shi ya kafa ta, har tinƙaho yake yi da ita a ɗakin malamai: in zai shiga aji, waya ta shiga durowa, a murɗa makulli. Sauran malamai suna tsokanarsa, wai ko gidansa ke cin wuta sai dai wutar ta jira a kaɗa ƙararrawa. Shi kuma yana dariya. Dariya fa! Yau kuwa darasi biyu ne a haɗe, domin ranar yadi ce.

Ranar yadi… duk shekara yara ita suke jira. A ture tebura gefe, a zagaye, kowa ya kama baki, a ja har ya miƙe tsaf. Baƙin yadi mai roba, irin mai talewa. Auta ce ta ɗinka shi. Ya kai mata a leda yana ta bayani, ita tana taka keke tana dariya, tana cewa Yaya, duk karatun nan da ka sha, ashe don ka sa 'ya'yan mutane riƙe zanen gado ne? Ta kalmashe bakin ninki biyu don kada ya yage, ta yi wa kowane hannu ɗan madauki. Ƙwallon kuma — ƙwallon mijinta ne ya ba shi. Mai Walda. Ya tono shi daga tarkacen wani tsohon inji, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya haɗa masa da gwangwani cike da 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe. “Yaya Malam, ga ranarka, ga kuma 'ya'yanta.” Mutum mai fara'a. Kowa ya shaida, mutum mai fara'a. Ƙofar makaranta ma da ta ɓalle, shi ya zo da kansa ya liƙe ta.

Sai a ɗora ƙwallon a tsakiya, yadi ya lotsa. Sai a gangaro da ɗan boris daga gefe. Ba ya wucewa, sai ya karkata, ya zagaya, ya sake zagayawa, yara suna ihu. Wa ya ja shi? Ku duba, akwai igiya? Babu. Shi a nasa ganin miƙe yake tafiya, wurin ne ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Haka rana ta yi wa sarari, haka duniya ta yi wa wata. Ƙaramin ba neman babban yake yi ba, hanyoyin ne duk suka karkata suka bi ta can. Ya ja musu kunne, yadi misali ne kawai, kada wani ya rubuta mini zanen gado a jarrabawa. A gaskiya ba wuri kaɗai ke lotsawa ba, har lokaci. Agogon da ke kusa da abu mai nauyi ya fi jinkirin tafiya.

Wannan ai bai buƙaci littafi ba. Wannan tun yana firamare ya san shi. Ƙarar babur ɗin Baba a bakin layi — shi ke nan lokaci ya tsaya. Inna ta kashe rediyo. Cokali ya daina taɓa kwano. Baba ya shigo ya zauna a kujerarsa ta tsakiyar falo, daga nan kuma babu mai ratsa tsakiya, kowa bango yake bi, kafaɗa tana gogar fenti. Daga shigowarsa zuwa barcinsa shekara ce. Bel mai ƙarfe a baki. Haƙorin Inna a kan tabarma, da ɗan jini a gindinsa, shi ya tsince shi ya rasa inda zai kai, ya sa a aljihun wandon makaranta. Auta a ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa, ba ta kuka — ta riga ta koyi cewa kuka ƙara masa ƙarfi yake yi. Baba ya daɗe a ƙasa, kujerar ma an kyautar da ita, amma har gobe Inna ba ta ratsa tsakiyar falon nan. Littafi ya ce in ka ɗauke nauyi, wuri ya koma daidai. Littafi bai taɓa shiga gidansu ba.

Rana tana dukan ƙeyarsa. Gumi ya gangara ya shiga ido. Ga masu faci, ga mai sayar da tsofaffin tayoyi, ga kwata ta toshe tana wari. Saura ya sha kwana biyu ya shiga layin — a'a, kwana ɗaya, ya riga ya sha ta farko. Yaushe?

Ranar nan da ke ƙona shi ma tsohuwa ce. Ya gaya musu wannan ma, shi ne ƙarshen darasi, wurin da yake rage murya don su natsu. Babu abin da ya fi haske gudu, babu, kuma hasken ma yana da iyaka. Minti takwas yake yi kafin ya iso daga rana. Da a ce yanzun nan za a ɗauke rana, a cire ta kamar yadda zan cire ƙwallon nan, ba za mu sani ba. Za mu ci gaba da jin ɗuminta, duniya ta ci gaba da zagaya wurin da babu komai, har sai labari ya iso. Labari ba ya tsalle, sai ya taka hanya. Yara suka yi tsit. Ya ji daɗin shirun nan, wallahi ya ji daɗinsa, ya tsaya yana shan sa…

A daidai lokacin wayar tana rawa a durowa. Ya duba, ya gwada da jadawali, daidai lokacin ne. Kira, kira, kira, sannan saƙon murya. Da aka kaɗa ƙararrawa ma bai yi sauri ba. Ya tsaya ya naɗe yadi, ya bi ƙarƙashin tebura yana tsintar 'ya'yan boris, ya jefa ƙwallon a aljihu don hannunsa ya cika, ya tsaya da mataimakin shugaba suna maganar fanka. Fanka! Sannan ya murɗa makulli.

“Yaya, ka zo. Ya kulle ƙofa. Yaya, don Allah ka —”

Sai ƙara. Sai wani abu ya faɗi, wataƙila kujera, wataƙila ita. Sai numfashin namiji kusa da wayar. Sai shiru.

Ya saurara a ɗakin malamai, ya sake saurara a kan hanya, kamar in ya ƙara saurara za ta ƙarasa maganar. Muryar tana da rai, tana kiransa yanzu, yanzun nan — alhali mai muryar ta riga ta daɗe a kwance a ƙasa, mijin ya wanke hannu ya ja ƙofa ya tafi aiki, maƙwabta sun ɓalle kwaɗo. Tsohon haske. Auta, da na ji fa? Da wayar tana aljihuna? Da na yi gudu, na tsallake katanga, na tare mota… To, da ya isa? Ko da ya zama haske ɗungurungum, gaba kawai zai iya zuwa. Babu gudun da ke kai mutum safiyar da ta wuce. Shi ya koyar da haka, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi: duk yadda ka tura abu, yana kusantar iyakar nan, ƙarfin da kake zubawa yana ƙaruwa, gudun yana ƙin ƙaruwa, ba za ka taɓa ƙetarawa ba. Katanga ce. Ya so ya sa kai ya dake ta har ɗayansu ya fashe.

Tunda ba a komawa baya, to a yi gaba. Gaba kuwa ƙeya ce.

Ya sa hannu a aljihu. Ƙarfen ya ɗauki zafin jikinsa, ya cika tafin hannu daidai, kamar don shi aka ƙera shi. Yatsun suka rufe a kai. Gajerun yatsu masu kauri, babban yatsa mai lanƙwasa baya… Inna takan ce duk cikin 'ya'yanta shi ya ɗebo hannun Baba. Ba yabo take yi ba, ba kuma zagi ba, faɗa kawai take yi, idonta a wani wuri. Bai taɓa ɗaga shi a kan kowa ba. Ko ɗalibi. Ko bulala ba ya riƙewa, har ana ce masa Malam Sanyi. Duk rayuwarsa tafiya yake yi yana nesanta da kujerar nan ta tsakiyar falo, miƙe, miƙe, bai waiwaya ba — to ga shi yau ina miƙen ya kawo shi? A'a. A'a, wannan daban ne. Baba marasa laifi yake duka. Wannan kare ne, kare kuma…

Inna ta riƙe masa riga a barandar asibiti. Ba ta tambaye shi inda za shi ba, ta ga aljihun. Ta ce ya zauna, a jira a fito da ita tukuna, hukuma tana nan, Allah yana nan. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Yatsun mahaifiyarsa. Ya ɓamɓare su kamar na yaron da ya ƙi sakin madauki.

Ki yi haƙuri. Sau nawa aka gaya wa Auta haka? Wancan karon da ta zo gidansa da jaka, leɓe a fashe, gyale ya rufe rabin fuska. Matarsa ta shimfiɗa mata a ɗakin yara. Ta kwana uku ko huɗu, har ta fara dariya, har ta gyara wa 'yarsa rigar makaranta da zare da allura. Sai Mai Walda ya zo da yamma, ya durƙusa a ƙofar falo, babban mutum yana hawaye, yana rantsuwa da duk abin da ake rantsuwa da shi, wai sharrin zuciya ne, wai aiki ne ya yi masa yawa. Kawu ya yi magana. Inna ta yi magana, ta ce ita me ba ta gani ba, ga shi ta rayu. Shi kuma Malam, mai ilimin gida, wanda ake jira ya yanke — ya yi gyaran murya ya ce aure ba a wasa da shi, kowa ya riƙe nasa gefen. Auta ta dube shi kawai. Shi ya ɗaukar mata jakar har mota.

Daga baya har haushinta yake ji. Me ke mayar da ita? Mace da sana'arta, da kekenta, da hankalinta? In ta kira tana ƙunƙuni sai ya ce a ransa, ai ke kika koma. Ke kika koma! Kamar ɗan boris ne ke zaɓar rami.

Layin masu walda. Ƙarar guduma, ƙarar injin yankan ƙarfe, ƙaurin fenti da ƙonannen waya. Ƙofofi da tagogi jingine da bango, jajaye da tsatsa. Can ƙarshe, rumfa ta kusa da turken lantarki, wani shuɗin haske yana walƙiya yana ɗaukewa. Hasken ya riga ƙarar isowa, kullum haka ne, ko yanzu sai da kansa ya lura da wannan, tir da wannan kai.

Yana nan. Bai gudu ba. Yana nan a tsugune, ya ba hanya baya, yana liƙa ƙafar wani gadon ƙarfe. Ga kofin shayinsa a kan bulo. Ga rediyonsa tana waƙa. Aiki yake yi! Ya bar ta a ƙasa ya zo yana liƙa wa wani gado… Bai sani ba. Tabbas bai sani ba. A wurinsa yau ma irin ta kullum ce, ta sha kashi, za ta tashi ta wanke fuska ta ɗora tukunya, da dare ya shiga da leda a hannu da fara'arsa. Labari bai iso shi ba. Shi ma zagaya wurin da babu komai yake yi, yana jin ɗumi.

To ga labari ya iso. Ga shi a aljihu.

Babu wanda ya tare shi. Maƙwabcin rumfa ya ɗaga masa hannu, ya san shi, surukinsu ne malami. Ya tsallake wayoyi, ya tsallake guntayen ƙarfe. Mai walda in ya rufe fuska da baƙin gilashin nan ba ya ganin komai a duniya sai ɗigon wutar da ke gabansa, shi da kansa ya taɓa gaya masa, yana dariya, wai ko giwa ce ta tsaya a bayansa ba zai sani ba. Ga ƙeyar. Gumi ya kwanta a cikin ninkin wuya. Akwai wani ɗan tabo, akwai furfura biyu-uku. Igiyar gilashin ta ratsa ta sama, ta bar wurin a buɗe, kamar an auna.

Hannu ya fito. Hannu ya tashi. Rigar ta koma daidai a kafaɗarsa, wuyan ya sake shi, iska ta shiga.

“Malam, idan muka saki fa?”

Yarinyar nan ta layin gaba, mai yawan tambaya. Da safen nan. Yana tsakiyar bayani ta jefo ta, yara suka kwashe da dariya, kafin ya ba ta amsa wasu shaƙiyyai biyu suka saki nasu madaukin don su gani. Yadi ya zube. Ƙwallon ya daki siminti, ƙum, har ya ɓantare shi. 'Ya'yan boris kuwa suka watse, kowanne ya kama gabansa, ƙarƙashin tebura, bayan allo, ɗaya ya bi ta ƙofa ya gangara baranda ya fita, har yanzu ba a gan shi ba. Babu rami. Babu zagaye. Ƙarfe ne kawai a ƙasa, ƙarfe kamar kowane ƙarfe. Shi kuma ya daka musu tsawa, Malam Sanyi da kansa: ku riƙe! Na ce kowa ya riƙe nasa gefen!

Kowa ya riƙe nasa…

A sama babu masu riƙewa, ya sani, yadi misali ne kawai, shi ya faɗa. A sama. Amma a nan ƙasa? Ƙwallo shi kaɗai ba ya yin rami. Sai an zagaye shi, an ja, an miƙe masa wuri tsaf. Kawu da nasa madaukin. Inna da nata. Maƙwabta da suke ƙara murya a rediyo. Da shi — shi da ya fi kowa ja, shi da ya ɗauki jaka. Ita ta ɗinka madaukan da hannunta, ninki biyu, don kada hannun kowa ya gaji.

Cinyarsa ta hagu tana rawa. Ba tsoro ba ne. Waya ce. Ba sai ya duba ba, ya san Inna ce, babu mai kiransa yanzu sai ita. An fito da ita ke nan. An fito da ita a kan gado tana numfashi, ko an fito da ita an ja mayafi har sama. Ya riga ya faru. Can, a ɗakin nan mai farin haske, ya riga ya zama abin da ya zama, labarin ne kawai ya tako hanya ya iso, yana ƙwanƙwasa cinyarsa. Muddin bai ɗauka ba, Auta tana nan. Muddin bai ɗauka ba yana da ƙanwa, ana yi mata aiki, a yi ta addu'a. In tana da rai, wa zai zauna a bakin gadonta in shi yana gidan yari? Wa zai ce mata wannan karon ba inda za ki koma? In kuma babu ita… in babu ita, to me ya rage da zai hana hannun nan sauka?

Hannu ɗaya ne ke sama, ɗayan yana iya shiga aljihu. Ba ya shiga. Kafaɗa ta fara zafi. Ashe haka ƙarfen nan yake da nauyi? Shekara da shekaru yana ɗaga shi a gaban yara da yatsu uku.

Wayar ta yi shiru. Shuɗin hasken ya ɗauke. Mai Walda ya ajiye sandar walda, ya ƙwanƙwasa ɗinkin da guduma, ya hura, ya kai hannu zai ɗaga gilashin. A ƙasa, gefen ƙafarsa, inuwar mutum ce tsaye da hannu a sama, bai gan ta ba tukuna.

Rana tana nan a ƙeyar Malam, da zafinta, ko tana can ko ba ta can.

Wayar ta sake farawa.